Masin Gwaggo a Bayan Kunkuru

Suva, Yuni 1984

Taubashina Sakiusa,

Ƙungiyar 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta ba ni aikin motar adonta ta bikin Agusta. Na sa wannan gaba da gaisuwa ne don kada ka ce a bakin wani ka fara ji.

To, gaisuwa mai yawa da fatan alherin Ubangiji. Yaya jiki, yaya aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. Matata Mili, wadda har gobe kake yaɗa cewa kai ka bar mini ita don tausayi, tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko soja ya koyi wanke safarsa. Jirgin tsibirinmu Moce ya shigo makon jiya da doya da saƙon Gwaggo Unaisi. Mahaifiyar taka tana nan ƙalau, sai yanar idon nan da ke ƙaruwa. An ce yanzu da murya take gane mai shigowa.

Kunkurun teku zan yi. Shiu Narayan mai sayar da katako ya yarda ya ara mana babbar motarsa daga Juma'a zuwa safiyar Litinin, da sharaɗin kada ƙusa ko ɗaya ta shiga jikinta. Na riga na kafa ƙashin a rumfar bayan gida: gora, ragar waya, tsofaffin jaridu da kokon rogo na mannawa. Kan zai riƙa juyawa dama da hagu. Sarƙar keke na haɗa, mutum ɗaya zai kwanta a cikin cikinsa yana murzawa. Na zaɓi kunkuru ne saboda wayoyin lantarkin babban titi. Ka tuna bara, da bishiyar kwakwar wata mota ta bar kanta a waya, yarinyar da ke takarar sarauniyar biki tana sama tana ta ɗaga hannu, ba ta san abin da ake wa dariya ba? Abin da ya kwanta ba ya karo da waya.

Kai da ka tashi a Moce kana raina wannan sana'a, na sani. Kawunka, mahaifina, ya sassaƙa jiragen da har yau suke kai mutane kamun kifi, ni kuwa ina ɓata watanni a kan abin da zai rayu wuni ɗaya. Amma Suva ba ƙauye ba ce. A nan mutumin tsibiran Lau irinmu da na Rewa da Ba'indiye da ɗan Sin sai su shekara suna hawa bas ɗaya ba wanda ya kalli wani. Ranar jerin gwanon nan kaɗai suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su kalli abu ɗaya, su yi ihu tare. Wanda ya ƙera abin da suka kalla ya yi wani abu a duniya. Haka dai nake gaya wa kaina.

Matsalata ƙoƙon bayan ne. So nake ya fito da adon masi, zanen nan na ɓawon itace, irin na matan Moce. Na gwada zanawa da fenti a kan takarda. Daga nesa ma a mace yake. Na duba yadin kanti mai kwaikwayon masi, shi kuma labulen otel ne sak. Shekaranjiya ina neman igiya a ɗakinka na nan gidanmu, na ɗaga kai, sai ga naɗi a kan azara an rufe shi da tabarma. Mili ta ce Gwaggo ce ta aiko shi farkon shekara, ta ce a ajiye maka, ba ta ƙara komai ba. Na warware gefe ɗaya. Sakiusa, ban taɓa ganin ɓawon itacen da aka buga ya yi laushi haka ba. Baƙin zanen tsantsar kunkunniya ne, jan kuma kamar yanzu aka haƙo ƙasarsa.

A wasiƙarka ta Maris ka rubuta cewa duk abin da ke ɗakinka nawa ne har ka dawo. Ga ta nan a gabana. Duk da haka ina roƙo, roƙon taubashi, wanda ka san ba a mayar da shi hannu wofi: ka ara mini masin nan wuni ɗaya. Shimfiɗa shi kawai zan yi in ɗaure da zare. Almakashi ba zai kusance shi ba.

Ka amsa da wuri, Agusta ba ta da nisa.

Naka, wanda ya fi ka kyau tun muna yara,
Ilaitia

Kudancin Lebanon, Yuli 1984

Ilaitia, malalacin kafinta,

Na gode wa Ubangiji da na ji kuna lafiya. Ni ma ƙalau, ban da kewar gwaza da kifi mai madarar kwakwa. A nan gwangwani ne da safe, gwangwani ne da yamma. In na dawo kada wanda ya buɗe gwangwani kusa da ni. Ka gaya wa Mili safata ta fi rigar cocinka haske, kuma ƙofata a buɗe take duk ranar da ta gaji da warin koko. Aikinmu bai canza ba: shingen bincike a kan hanya, mu tsai da mota, mu leƙa, mu ce a wuce. Yawancin ranaku ba abin da ke faruwa. Sauran ranakun ba na wasiƙa ba ne.

Na karanta wa 'yan ɗakinmu labarin kunkurunka. Wani ɗan Kadavu ya ce, "Ai ya kyauta, ya zaɓi dabbar da za su jera a tafiya." Na ce masa ya iya bakinsa, ni kaɗai ke da izinin zaginka.

Yanzu ka ajiye dariya. Da na rubuta maganar ɗakina, jita nake nufi, da takalman zari-ruga, da rigar ruwan nan da ka daɗe kana zuba wa ido. Masin nan ba nawa ba ne tukuna.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Da na je Moce sallama, ana gobe jirgi zai tashi, na zagaya bayan madafa neman wuƙa. Mata suna ƙarƙashin bishiya suna bugu, Inna a tsakiyarsu. Ba su gan ni ba. Matar fasto ta ce, "Unaisi, wannan dogon abu fa? Ko an samo wa sojan mata ne ba mu ji ba?" Aka yi dariya. Inna ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Na dawowarsa ne. In ya dawo da ƙafarsa, ya taka. In ɗauko shi aka yi, a naɗe shi." Ba wadda ta sake dariya. Na koma ta inda na fito, ban ɗauki wuƙar ba. Shi ya sa ta aika shi Suva: ko ta wace hanya na dawo, can zan fara sauka. Da idon da ya rage mata kuwa, kai ma ka san ba za ta sake yin wani ba.

Ka ɗaure ni, taubashi. A gidanmu ba a taɓa jin wanda ya ce wa taubashinsa a'a ba, kuma ba daga kaina za a fara ba. Saboda haka ban hana ka ba. Amma ni ma ina da baki, ni ma taubashi ne. Ga nawa roƙon: ka janye naka. Ka mayar da naɗin inda ka gan shi, ka rufe da tabarmarsa. Ka san ruwan Suva ba ya tambayar ranar biki, masi kuwa in ya jiƙe ya zama kunu.

Kada ka gaya wa Inna na ji maganarta.

In kunkurun ya ci, ka ce ni na ba ka shawara. In ya faɗi, ban san ka ba.

Sakiusa

Suva, Satumba 1984

Sakiusa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Gwaggo tana gidanmu, ta zo ganin likitan ido, an ba ta rana a wata mai zuwa. Tana cin abinci, tana kwana a ɗakinka.

Wasiƙarka ta Yuli ta iso ranar Litinin bayan biki. A tsaye na karanta ta a gidan waya, da ragowar koko a farcena. Na yanka masin, Sakiusa.

Zan faɗa maka yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Na jira amsarka har Agusta ta kama. Da ba ta zo ba, na sauko da naɗin na shimfiɗa kamar yadda na yi alkawari. Amma shimfiɗaɗɗen abu ba ya zama a kan abin da ya yi tozo. Ya tattare ta ko'ina. Shugaban 'yan dako ya zo dubawa, ya zagaya, ya ce, "Kafinta, kunkuru muka ce maka, ba shanya ba." Mutanensa suka kwashe da dariya. Bayan tafiyarsu na zauna ina kallon zanen, sai na ga Gwaggo ta raba shi gida-gida da baƙin layi, kowane gida kusan girman ɓawo ɗaya na bayan kunkurun. In idon mai sana'a ya ga irin wannan, hannu ba ya ƙara jin magana.

Mili ta same ni da almakashi. Ta ce, "Me za ka yi da wannan?" Na ce, "Ai ya rubuta, duk abin da ke ɗakin nawa ne." Ta ce, "To me ya sa ka roƙa?" Na ce shiru ma amsa ce. Ta ce, "Shirun gidan waya ne wannan, ba na Sakiusa ba. Ka jira." Ban jira ba. Gaskiya ne ban san abin da ka ji a bayan madafa ba, amma na san tsohuwa mai yanar ido ba ta buga abu mai tsawon haka don ado. Na sani, na ajiye sanin a gefe.

Na bi layi na yanka, na manna kowane gida da koko a kan jarida, na bi da man ƙyallin katako, shafi a kan shafi, saboda ruwa.

Ruwan kuwa ya zo. Muna kaiwa gaban kasuwa ya kece. Furannin takarda na sauran motoci suka narke, launi na bin kwata, wani ƙaton kifi ya buɗe ciki wayarsa ta fito. Kunkuruna sai ƙara sheƙi yake. Yana juya kai, yara na bin sa da gudu, matan Indiyawa na nuna shi daga ƙarƙashin laima, direbobin bas na danna hon. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, wa ta yi masin nan? Wannan hannun Lau ne." Na ce gwaggona ce, kuma da alfahari na faɗa. Mu muka zo na ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗi irin na wunin nan ba, kuma shi ne ya fi damuna yanzu.

Gwaggo ta sauka daga jirgin Moce ana gobe biki, ba sanarwa. Ruwa ya hana ta fita kallo, na ce a raina an rufa mini asiri. Ranar Lahadi bayan coci ta ce wa Mili, "Kai ni in ga dabbar nan da ake ta yabon ɗan wana a kanta." An jera motocin a filin biki. Na kama hannunta muka je. Ta tsaya ta ce, "Babba ne." Ta miƙa hannu ta shafa. "Santsi kamar faranti. Yadin kanti ne?" Sai ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓawa, ta bi bakin gida ɗaya a hankali, ta koma na kusa da shi.

Ka san a tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti take yanka tsagar da take bi ta fitar da zane. Akwai haƙori ɗaya a zanen baki da ya ɗan karye, ya maimaita kansa a kowane gida. Ni sai a lokacin na lura da shi. A kansa ta ɗora yatsa.

Ta daɗe a haka. Mutane na wucewa suna cewa, "Kafinta, sai kai!" Da ta ɗago ta ce, "Ka iya yanka, ɗan wana. Ka bi layi." Sannan ta ce wa Mili, "Mu je gida, ƙafata ta gaji."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Da safiyar Litinin na ɓamɓare gidajen kafin in mayar wa Shiu Narayan motarsa. Sun fito da jarida manne a bayansu, sun sandare kamar kwali. Na jera su a rumfa. Daga nan ne na wuce gidan waya.

Ka zage ni yadda ka ga dama, ba zagin wasa ba. Ina jira.

Ilaitia

Suva, Oktoba 1984

Sakiusa,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. An yi wa Gwaggo aikin ido ɗaya, an ce ya yi kyau, tana nan da bandeji.

Ba ka amsa ba. Na fahimta, da ni ne ma ba zan amsa ba. Amma an faɗa a rediyo cewa an yi harbe-harbe a yankinku, ba a ambaci suna ba, matan sojoji sai zarya suke a ƙofar bariki. In ba za ka rubuta mini ba, ka rubuta wa Mili ko layi ɗaya ne.

Na nemi gyara. Na aika Moce a tambayo ko akwai itacen masi da ya isa yanka. Aka ce duk gonar Gwaggo ta tafi a wancan, sabon tsiro sai baɗi. Na shiga kasuwa na sami wani dogo mai kyau wurin matan tsibirin Vatulele, na kawo na ajiye a gabanta. Ta murza gefensa ta ce, "Irin wanda 'yan jirgin yawo ke saya su rataye a bango. Ɗana baƙo ne? Mayar musu." Na samo saiwar yangona, wadda ake kaiwa wajen neman gafara, na zauna a ƙasa a bakin ƙofarta, na miƙa da hannu biyu, na faɗi abin da mai laifi ke faɗa. Ta bar ni na gama, ta ce, "Rataye ta inda ka sauko da naɗin." Ba ta taɓa ta ba. Tana nan a azara.

Garin kuma bai daina yabo ba. Hoton kunkurun yana manne a shagon aski. Ƙungiyoyi sun fara zuwa kama ni tun yanzu don baɗi, wata ta ce, "Irin na bana muke so, da masi na gaske." Jiya a bas wani dattijo ya tashi zai ba ni kujera. Na sauka tun ban kai unguwarmu ba.

Gwaggo ba ta san na san amfanin masin na biyu ba. In aka fara labaran waje takan ce a ƙara murya. Ni kuwa tunani ɗaya nake yi, Allah ya yafe mini: in ɗauko ka aka yi, da me?

Ilaitia

Kudancin Lebanon, Nuwamba 1984

Taubashi mai fushi,

Ina lafiya, ƙafa biyu hannu biyu, ka gaya wa Inna haka kafin komai. Tun Agusta aka mayar da mu wani shinge a kan tudu, hanyar ba ta biyuwa kullum, jakar wasiƙu tana can ƙasa. Wasu sun sami nasu ta hannun direban tankar ruwa, ni ko ɗaya. Wasiƙarka ta ƙarshe da na gani ita ce ta roƙon nan, saboda haka na san kana can kana kumbure-kumbure.

Na san halinka: in an hana ka abu sai ka ɗaure fuska, kamar ranar da na kayar da kai a bakin teku gaban 'yan mata. Ka huce. Na gode, Ilaitia. Na san abin da na roƙa ba ƙarami ba ne, ga biki a gabanka, ga gari na jira. In kunkurun ya faɗi saboda ni zan rama maka; baɗi ni zan kwanta a cikinsa in murza sarƙar.

Watan jiya ya yi zafi a nan. Ba zan rubuta ba. Amma akwai ranar da muka wuni kwance a bayan buhunan yashi, ba mai ɗaga kai. Na kusa da ni yana ta addu'a, ni kuwa na kasa haɗa ko kalma biyu. Abin da ya zo mini kawai shi ne masin nan a kan azara, a naɗe, a bushe, yana jira. Da can tsoronsa nake ji. Ranar sai na ce wa kaina, tsohuwar nan zaɓi biyu ta ba ni, ni kuwa na zaɓa. Na riƙa ganin yadda zan cire takalma, in ɗora ƙafar dama, in taka shi tun daga ƙofar gida har bakin ɗaki, Inna tana zaune a can ƙarshe. In na kai sai in dawo in sake. Da haka na ga yamma.

An ce rukuninmu zai tashi kafin Kirsimeti. Ka sauko da shi ka shanya a inuwa, kada ya yi warin ajiya. Ka sa Mili ta dafa gwaza tukunya guda, tawa ni kaɗai. Kai ka ci kokonka.

Sakiusa

Suva, Disamba 1984

Sakiusa,

Mun gode wa Ubangiji da jin kana lafiya. Mu ma haka. An cire wa Gwaggo bandeji, idon dama yana gani sosai. Ta dube ni ta ce ashe na tsufa.

Wannan zan kai ta bariki da kaina in roƙa a miƙa maka kafin ka hau jirgi. Akwai wasiƙuna biyu a jakar da ba ta iso ka ba. In wannan ta riga su, ga abin da ke ciki: ban janye roƙona ba. Amsarka ta same ni na riga na yanka masin gida-gida na manna a bayan kunkuru. Godiyar da ka yi ba tawa ba ce. Gara ka ji a can, ka sauko da fushinka a shirye, da ka ji a ƙofar gida.

Gwaggo ta sa ni in karanta mata wasiƙarka. Na so in tsallake wani wuri, ta ce, "Idona ya buɗe, ina ganin inda yatsanka ya yi tsalle. Koma." Na koma. Da na zo kan zaɓi biyu ta tsai da ni. "Wa ya gaya masa?" Na ce da kunnenka ka ji a bayan madafa. Na san ka hana ni faɗa. Ka ɗora wannan a kan sauran. Sai ta ce, "Shekara guda yaron nan yana ɗauke da bakina." Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Mili ta tashi ta shiga ciki.

Da ta nisa ta ce, "Kwaso mini ɓarnar taka." Na kwaso gidajen daga rumfa na zube a tsakar gida. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ƙura wa tallan sabulun da ke jaridar bayansa ido. Ta kama gefe biyu ta gwada naɗewa. Ya ƙi. Ta sa gwiwa ta danna, ya yi ƙara, ya koma yadda yake. Ta gwada wani, haka.

"Me ka shafa masa?"

Na gaya mata.

"In an jiƙa zai yi laushi?"

Na ce ko ruwan Suva bai ratsa shi ba.

Ta ce, "To, ba ya naɗe kowa." Ta ajiye shi a ƙasa, ta ɗora ƙafa, ta tsaya a kai da duk nauyinta. "Sai dai a taka."

Tun ranar take zaune da basilla da igiyar kwakwa tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ni ina huda mata da ƙusa don hannunta ba ya iya ratsa su. Ba ta ce mini komai sai "huda nan". Ba shi da kyau, kada ka sa rai. Ɗinkin ya fito fili, wasu gidajen sun lanƙwashe da siffar bayan kunkuru suna rawa in an taka, kuma abin da na zubar wajen gyara baki ya rage tsawon. Daga ƙofar gida bai kai bakin ɗaki ba, sai mun matso da kujerarta. Maƙwabta sai leƙe suke. Matar gidan gaba ta ce, "Unaisi, yanzu soja kunkuru zai taka?" Gwaggo ta ce, "Ya taka abin da ya tarar."

Na tambaye ta maganar yangonar da ke rataye. Ta ce, "Ranar da ƙafarsa ta sauka a kan wannan, ka sauko da ita a daka in sha. Kafin nan kada ka sake tambayata." Ban tambayi abin da zai faru in ba haka ba. Kai ma na tanadi taka saiwar daban. Ko ka karɓa, ko ka bar ni zaune a ƙasa, haƙƙinka ne.

Jiya na je bariki. Sun ce jirgi ɗaya zai sauka filin jirgin saman Nadi ranar Alhamis, amma rabin rukunin ne a ciki. Sauran sai waɗanda za su canje su sun hau tudun. Har yanzu ba su tabbatar mana ko kana cikin rabin farko ba.

Ilaitia